Rahoto ɗaya, daraja biyu: wanne zan faɗa wa mai karya?

Sabuwar Likita: Assalamu alaikum malamaina da abokan aiki. Don Allah a fitar da ni daga duhu. Mako biyu da suka wuce na cire wa wata karya mai shekara bakwai ƙari a cinya, girmansa bai kai santimita biyu ba. Kafin tiyata na soka masa allura na shafa a gilashi, na ga ƙwayoyi zagayayyu cike da ɗigo-ɗigo, na san ƙarin ƙwayoyin mast ne, wato wani nau'in ƙwayoyin garkuwar jiki. Yau sakamako ya dawo daga ɗakin gwaji: daraja ta biyu a tsarin Patnaik, ƙaramar daraja a tsarin Kiupel, maitosis (ƙwayoyin da aka kama suna rabuwa biyu) 2, gefen yanka ya fita tas, wato ba a ga ƙarin a bakin naman da aka cire ba. Mai karyar zai zo jibi, kuma na san tambayarsa ɗaya ce, za ta tashi ko ba za ta tashi ba. To ni biyu cikin uku ai tsakiya ne, ta yaya kuma za a ce ƙarama? Sannan mataki na nawa ke nan?

Mai Fiɗa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Kin ɗaure tambaya biyu da igiya ɗaya. Daraja daban, mataki daban. Kaluluwar da ke kusa da wurin fa, kin duba ta?

Sabuwar Likita: Na taɓa ta bayan gwiwa, Yaya, ba ta kumbura ba.

Mai Fiɗa: Yatsa ba madubin duba ƙwayoyi ba ne. Soka mata allura.

Tsohon Malami: 'Yata, sannu da ƙoƙari, kuma kin yi daidai da kika soka allura kafin ki ɗauki wuƙa, da yawa ba sa yi. Bari in ja ki baya kaɗan. Duk ƙarin da ya zo gabanmu tambaya uku muke masa. Kai wane ne, wato daga wace ƙwaya ka fito? Mene ne halinka? Ina ka kai? Ta farko ita ce rarrabewa, ita ke ba da suna. Ta biyu ita ce daraja, kuma mu masu zama gaban madubi mu ke amsa ta, da abin da muka gani a yankakken nama. Ta uku kuwa, mataki, ba tamu ba ce, taki ce ke da ke riƙe da dabbar. Ni a gilashina ba na ganin huhu, ba na ganin saifa, ba na ganin hanta. Don haka in kin ga rahoto bai rubuta mataki ba, ba mantuwa aka yi ba.

Abin ya daɗe. A 1920 Albert Broders na asibitin Mayo da ke Amurka ya raba sankarar leɓe ta ɗan Adam gida huɗu bisa yadda ƙwayoyinta suka yi kama da fatar da ta haife su, daga nan ne zancen daraja ya kankama. Shi kuwa mataki, likitan fiɗa ne Bafaranshe, Pierre Denoix, ya tsara shi a shekarun 1940 da haruffa uku, TNM: girman ƙarin, halin kaluluwa, da ko ya tsallaka nesa. Sai a 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da irinsa na dabbobin gida a ƙarƙashin L. N. Owen. Kin ga ɗaya ya fito daga hannun mai madubi, ɗaya daga hannun mai wuƙa. Har yau haka rabon aikin yake.

Ɗalibin Aji Biyar: Ranka ya daɗe, tunda an taɓo suna, ni nan ne nake tuntuɓe. An ce mana duk wanda ya ƙare da "oma" mai sauƙi ne, wanda ya ƙare da kasinoma ko sakoma mugu ne. Sai ga limfoma, sankarar kaluluwa, tana kashe kare cikin makonni in ba a yi magani ba. Ko dai ni ne ban fahimta ba?

Mai Duba Gilashi: Ka fahimta ƙanena, sunayen ne ba su da alƙawari. Ƙa'idar tana aiki a mafi yawan wurare. Ƙwayoyin da ke shimfiɗe a saman fata, ko suka lulluɓe cikin hanji, ko suka gina gurbin fitar da ruwa irin na nono, in sun yi ƙari mai sauƙi sai mu ce fafiloma ko adenoma, in sun yi mugu mu ce kasinoma ko adenokasinoma. Waɗanda ke riƙe da jiki kuwa, ƙashi da guringuntsi da kitse da tsoka da hanyar jini, mai sauƙinsu lifoma, faiburoma, ostiyoma, mugunsu lifosakoma, faiburosakoma, ostiyosakoma. Farkon kalmar ya gaya maka uwa, ƙarshenta ya gaya maka hali.

Amma limfoma da melanoma sun riga ƙa'idar zama, sunan ya bi su, mugaye ne duk da "oma" ɗin. Shi ya sa a tsoffin littattafan dabbobi za ka ga limfosakoma, kuma mai sauƙin melanoma yanzu muke ce masa melanosaitoma don a huta da ruɗani. Akwai kuma giranuloma da hematoma, waɗanda ba ma ƙari ba ne sam, ɗaya kumburi ne, ɗaya taruwar jini.

A gilashin allura kuma rabo uku muke fara yi: waɗanda ke manne da juna kamar bulo a gini, waɗanda ke da tsini gaba da baya, da zagayayyu masu zaman kansu. A cikin zagayayyun ne na Dakta yake, tare da limfoma, filasmasaitoma, histiyosaitoma da ƙarin da karnuka ke ɗauka wurin barbara.

Ɗalibin Aji Biyar: Na gode Anti. Wallahi na rubuta.

Likitan Garke: Ku yi min afuwa, amma duk lokacin da aka buɗe wannan babi sai ya koma zancen kare da kyanwa. Ni shanu da dawakai da tumaki nake bi. Kuma wannan rabo na mai sauƙi da mugu, a wurina ba ya cika. Ga sakoyid na doki. Ba ya zuwa huhu, ba ya zuwa hanta, a takarda sai a ce ba mugu ba ne. To ka yanke shi ka gani, bayan wata uku ya dawo ya fi da girma, wani lokacin har da 'yan rakiya. Na taɓa cire ɗaya a gindin kunnen wata goɗiya sau uku, a karo na ukun sai da na ji kunyar haɗa ido da mai ita. Wannan a wane gida za ku sa shi?

Tsohon Malami: Likita, ka yi gaskiya, kuma ba kai kaɗai ya ba kunya ba. Sakoyid yana zaune ne a tsakani: yana kutsawa cikin naman da ke kewaye da shi amma ba ya tafiya nesa. Abin mamakinsa ma, ƙwayar cutar fafiloma ta shanu, nau'i na 1 da na 2, ita ake samu a cikinsa. A saniya ta fito da ƙuraje masu yawanci faɗuwa da kansu, a doki ta zama ƙarfen ƙafa. Mu kanmu mun san layin da muka ja tsakanin sauƙi da mugunta don saukin koyarwa ne. Abin da ba a musu a kansa shi ne, ƙarin da ya tsallaka wani gaɓa ya gama bayyana kansa. Sauran alamun, irin su rashin kwanso, saurin girma, ƙwayoyi masu bambancin girma, duk shaidu ne, ba hukunci ba.

Kuma kada ka ce babu naka a ciki. Sankarar idon shanu, wadda ta fi kama masu farar fuska irin Hereford saboda rashin launin da zai kare su daga rana, kana kallonta tana hawa tsani: ɗan farin tabo a gefen baƙin ido, ya zama ƙurji, ya zama kasinoma. In ka kama ta a ƙasan tsani ka ceci ido.

Likitan Garke: Wannan kam na sha gani, Malam. Sai dai mu sai ido ya fashe ake kiranmu.

Sabuwar Likita: Ina jin daɗin karatun, amma don Allah a tuna da karyata. Biyu ko ƙarama?

Mai Duba Gilashi: Yi haƙuri Dakta, mun bi rariya. Duka biyun ne, don ma'auni biyu aka auna ta da su. Tsarin Patnaik na 1984 gida uku ne. Matsalarsa, na tsakiyar ya zama kwandon da kowa ke jefa abin da bai tabbatar ba, mafi yawan ƙari can suke faɗawa, kuma a cikinsu akwai wanda ba zai sake dawowa ba, akwai wanda zai kashe kare kafin shekara. A 2011 Kiupel da abokan aikinsa suka ba masu duba gilashi 28 daga cibiyoyi 16 ƙari 95 su auna. A daraja ta uku sun yi ittifaƙi kashi 75 cikin ɗari, a ta ɗaya da ta biyu kuwa bai kai kashi 64 ba. Wato gilashi ɗaya, amsa ta danganta da wanda ya hau kujera a ranar.

Sai suka kawo gida biyu kawai, da sharuɗɗan da ake ƙirgawa. In a fili goma (fili shi ne da'irar da ido ke gani a leƙe ɗaya) na babban gilashin madubi an sami maitosis bakwai ko fiye, ko ƙwayoyi uku masu cibiya (ɗan dunƙulen da ke tsakiyar ƙwaya) uku ko fiye, ko cibiyoyi uku masu baƙuwar siffa, ko kuma kashi goma cikin ɗari na ƙwayoyin cibiyarsu ta ninka ta 'yan uwansu faɗi, to babbar daraja ce. Ɗaya ya isa. In babu ko ɗaya, ƙarama ce. A binciken nasu, masu babbar daraja tsaka-tsakin rayuwarsu bai kai wata huɗu ba, masu ƙarama sun wuce shekara biyu. Naki maitosis 2, babu sauran alamun. Labari ne mai daɗi.

Tsohon Malami: Ban musa ba, amma kada a binne Patnaik da ransa. Shi yana duba zurfin da ƙarin ya kai a fata da yadda ya kutsa, abin da Kiupel bai sa a lissafi ba. Ni in na ga "ɗaya da ƙarama" hankalina ya fi kwanciya fiye da "biyu da ƙarama". Shi ya sa ɗakunan gwaji da yawa ke rubuta duka biyun. Sannan ƙaramar daraja ba rantsuwa ba ce. Akwai 'yan kaɗan daga cikinsu da ake samu sun riga sun isa kaluluwa, lumbu-lumbu wutar ƙaiƙayi.

Mai Duba Gilashi: Na yarda da ƙarshen maganar, Baba Malam. Amma farkonta, da girmanka, bambance ɗaya da biyu shi ne daidai inda mutane 28 ɗin nan suka kasa haɗa baki. In ma'aunin bai tsaya ba, kwanciyar hankalin da ya bayar fa?

Tsohon Malami: Ke dai ba kya barin tsoho ya sha iska. To ai shi ma ƙirgen naku bai tsaya ba. "Baƙuwar siffa" a idon wa? Kuma fili goma na wane madubi?

Mai Duba Gilashi: Nan kam ka kama ni, don ya taɓa faruwa da ni. Ina sabuwa a aiki, na ƙirga maitosis shida a wani ƙarin mast na rubuta ƙarama. Wadda ke sa hannu a bayana ta ɗora gilashin a madubinta ta ƙirga tara. Na zaci ni ce ban iya ba, na kwana da abin a raina. Washegari ta ce in karanta lambar da ke jikin bututun da nake sa ido. Nawa 18, nata 22. A babban gilashi mai ninki 40, filina faɗinsa milimita 0.45, nata 0.55. Fili goma nawa bai wuce murabba'in milimita 1.6 ba, nata 2.37. Ashe kusan kashi biyu cikin uku na abin da take gani nake gani. Shida nawa da tara nata abu ɗaya ne, amma ɗaya yana ƙasa da bakwai, ɗaya yana sama. Kare ɗaya, makoma biyu, saboda lambar da ke jikin ƙarfe.

Shi ya sa tun 2016 Meuten da abokansa suka nemi a daina cewa "fili goma" a riƙa faɗin murabba'in milimita 2.37. Yanzu da ake duba gilashi a kwamfuta ma, fili ba shi da wata ma'ana, sai dai ka zana yankin ka auna. Kuma a inda suka fi yawa ake ƙirgawa, ba inda ido ya fara sauka ba.

Ma'aikacin Ɗakin Gwaji: Tunda manya sun yi shiru, bari ni ma mai yanka da rini in sa baki. Likitoci, don girman Allah, duk wannan ƙirge da ake gardama a kai, a kan abin da kuka turo mana ake yin sa. Fomalin, ruwan adana nama, ya zama mai ƙarfin kashi goma, kuma ruwan ya ninka naman sau goma. Abin da muke gani shi ne ƙari kamar dunƙulen hannu an cusa a kwalba mai ƙaramin baki, ruwan bai ma rufe shi ba. Ya taurare ya ƙi fita, sai mun fasa kwalbar. Mu yanka, waje ya kamu, ciki ya ruɓe. Wani ya matse naman da hantsaki har ƙwayoyin sun zama zare. Wani ya sa a firiza wai don kada ya lalace, ƙanƙara ta huda shi ko'ina. Sannan takardar da ke biye ba komai sai "ƙari, kare". Shekararsa nawa? A ina aka cire? Yaushe ya fito? Shiru. In ya yi kauri ku tsattsaga shi, kowane yanki kada ya wuce santimita ɗaya, amma kada ku raba shi da gindinsa. Ku shafa tawada a gefen yanka, ko ku sa zare ku ce mana nan ne sama.

Mai Fiɗa: Mun ji, mun tuba. Ni ma na taɓa fasa muku kwalba, Allah ya ba da haƙuri.

Ɗalibin Aji Biyar: Anti, to in na gane, duk ƙarin da na samu zan iya ƙirga maitosis, in ya kai bakwai in ce babba?

Mai Duba Gilashi: A'a! Kama da wane ba ta wane. Bakwai ɗin nan na ƙarin mast ne na fatar kare kawai. Ko ƙarin mast ɗin da ke ƙarƙashin fata, cikin kitse, ba a kansa aka gina Patnaik da Kiupel ba, balle na kyanwa. Kowace daraja an same ta ne ta hanyar bin wasu dabbobi masu wani ƙari ana ganin wa ya mutu, wa ya rayu. In ka ɗauke ta ka kai wani wuri, lamba ce kawai.

Dubi sakoma ta nama mai laushi a kare. Maki ake tarawa daga abu uku. Kamanninta da uwarta, ɗaya zuwa uku. Maitosis: ƙasa da goma maki ɗaya, goma zuwa sha tara biyu, sama da haka uku. Mataccen nama: babu sifili, har zuwa rabi ɗaya, fiye da rabi biyu. Jimla uku ko ƙasa daraja ta ɗaya, huɗu ko biyar ta biyu, shida zuwa sama ta uku. Ka ga a nan maitosis takwas maki ɗaya ne kacal, alhali a mast ya riga ya jefa kare babbar daraja. A nonon karya kuma tsarin Elston da Ellis na mata aka gyara, wanda Peña da abokanta suka fitar a 2013, ana duba yawan bututun da ƙwayoyin suka gina, bambancin cibiya da maitosis.

Mai Fiɗa: A nono kam ni ma'aunin santimita nake fara ɗauka kafin madubi. A karya kusan rabi ne mugaye. A kyanwa kuwa takwas ko tara cikin goma, kuma wanda bai kai santimita biyu ba da wanda ya wuce uku, tsakaninsu kamar sama da ƙasa. Ƙulli ɗaya, wuri ɗaya, amma abin da zan gaya wa mai kyanwa daban.

Tsohon Malami: Ɗana, ƙara da wannan a littafinka. Histiyosaitoma a kunnen ɗan kwikwiyo, in ka ɗora a madubi za ka tsorata, maitosis ko'ina. Ka bar shi wata biyu ko uku, yawanci ya tafi da kansa. Ƙarin barbara ma haka, muni a ido, jini na zuba, amma allurar binkiristin mako-mako, sau huɗu zuwa shida, takan share shi. Wannan ma ba ƙwayoyin karen da ke ɗauke da shi ba ne, na wani kare ne da ya mutu dubban shekaru da suka wuce, suna ta ƙaura daga jiki zuwa jiki. Kare kuromosom 78 gare shi, ƙarin kuwa wajen 59. A ɗaya gefen, ostiyosakoma a ƙafar babban kare, ko ta yi kyan gani a gilashi, mafi yawansu sun riga sun watsa iri a huhu kafin hoto ya nuna. In ba ka san sunan ba, darajar ba za ta amfane ka ba. Kuma in ido ya kasa ba da sunan, akwai rini na musamman: saitokeratin ya kama 'yan shimfiɗa, bimentin ya kama 'yan riƙo, CD3 ya nuna limfoma ta T, CD20 ta B.

Likitan Garke: Malam, wannan na kare mai dubban shekaru ya tsaya min a rai. Zan dawo kansa wata rana.

Mai Duba Gilashi: Dakta, koma kan rahoton ki duba abu biyu. A cikin fata aka ce yake ko ƙarƙashinta? Kuma "ya fita tas" ɗin, an rubuta milimita nawa, musamman ta ƙasa?

Sabuwar Likita: Na duba Anti. A cikin fata ne, ya ɗan taɓa kitsen ƙasa. Gefe mafi kusa milimita 6, ƙasa 3, kuma an ce akwai shimfiɗar farin nama a ƙarƙashi wadda bai keta ba.

Mai Duba Gilashi: To ma'aunin biyu sun hau kansa, kuma taɓa kitsen nan yana cikin abin da ya kai shi gida na biyu a Patnaik. Ba saɓani ba ne.

Mai Fiɗa: Saura kaluluwa. Kuma ki sani ba dole ne ta bayan gwiwa ce ke karɓar ruwan wurin ba. Ƙari a cinya yakan zuba a ta matsematsi, ita kuwa ba ta cika jin yatsa ba, sai da na'urar hoton ciki. In kina da hali ki duba duka biyun.

Sabuwar Likita: Assalamu alaikum, na dawo. Mai karyar ya zo, na gaya masa abin da aka cire mai sauƙin hali ne bisa ga dukkan alamu, amma ban rufe magana ba sai na duba kaluluwa, kuma duk sabon ƙullin da ya gani ya kawo ta, kada ya jira. Ya yarda. Na soki ta bayan gwiwa da ta matsematsi. Ta bayan gwiwa limfosait ne zalla, wato ƙwayoyin da aka saba gani a kaluluwa. Ta matsematsi na ga ƙwayoyin mast guda huɗu a duk gilashin, kowace a warwatse, cike da ɗigonsu. Gabana ya faɗi. Ya isa ke nan?

Mai Duba Gilashi: Kwantar da hankalinki. Kaluluwa lafiyayya ma takan ɗauki 'yan ɗaiɗaiku, balle wadda aka yi tiyata kusa da ita kwanan nan. Abin da ke tayar da hankali shi ne a gan su da yawa, ko a dunƙule uku-uku, huɗu-huɗu, ko siffarsu ta canza. Wane rini kika yi amfani da shi?

Sabuwar Likita: Mai saurin nan na tsoma uku.

Mai Duba Gilashi: Shi wani lokacin ba ya kama ɗigon sosai, sai ki ƙirga ƙasa da abin da ke akwai. In kina da gilashin da ba ki rina ba, ki busar da shi a iska ki turo a yi masa rinin Giemsa ko toluidin. Kada ki haɗa shi kwali ɗaya da kwalbar fomalin, tururin yana ɓata shi.

Mai Fiɗa: In ya dawo da shakka, ni cire ta zan yi in tura gaba ɗaya. Aikin minti ashirin ne.

Tsohon Malami: A kan ƙwaya huɗu? Bari a ga rinin tukuna, Likita.

Sabuwar Likita: Akwai biyu da ban rina ba. Gobe da safe in sha Allah zan tura.